Ranar 1 ga Afrilu: asalin al'adar zolaya da abin da take jawowa a zamanin wayar hannu

Da zarar watan Maris ya ƙare, saƙonni iri biyu ne ke karakaina a wayoyin jama'a. Na farko labarai ne masu tayar da hankali ko masu sa zumuɗi: wane ya rasu, kamfani kaza zai raba kuɗi, an ɗage jarrabawa, wance ta yi aure a ɓoye. Sai an gama yaɗa su mai saƙon zai dawo yana dariya yana cewa ai "Afril Ful" ne. Na biyu kuwa gargaɗi ne da ake turawa daga zaure zuwa zaure a WhatsApp da Facebook, cewa Turawa sun ware ranar ne don murnar yaudarar da suka yi wa Musulmin Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka taɓa mulka. Wanda bai san tushen zancen ba sai ya rasa na kamawa: wasa ne marar lahani, ko makirci ne mai tarihi, ko kuwa laifi ne da zai iya kai mutum gaban alƙali?

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Akwai zolaya tsakanin mutanen da suka san juna: ƙane ya ce wa yayansa ana sallama da shi a ƙofar gida, ya fita bai ga kowa ba, a yi dariya a wuce wurin. Akwai kuma labarin da jarida, gidan rediyo ko kamfani ke ƙirƙira su fitar da shi da siffar labarin gaske, da niyyar su tona asirin kansu a ranar ko washegari. Sannan akwai labarin bogi da damfara, inda mai ƙaryar ba shi da niyyar bayyana gaskiya ko kaɗan, burinsa kuɗi ne, ko ɓata suna, ko tayar da fitina.

Al'adar 1 ga Afrilu a inda ta taso ta ƙunshi na farko da na biyu ne. Abin da ya raba su da na uku shi ne a ƙarshe ana faɗa wa wanda aka zolaya cewa wasa ne, kuma ba ya asarar komai sai ɗan jin kunya.

## Daga ina ta fito?

Bayanin da ya fi yaɗuwa ya danganta al'adar da sauyin kalanda a Faransa. Har tsakiyar ƙarni na 16, yankunan ƙasar ba su da rana guda ta shiga sabuwar shekara: wasu daga Kirsimeti suke farawa, wasu daga 25 ga Maris, wasu daga bikin Ista. A 1564 Sarki Charles na tara ya fitar da doka a garin Roussillon, wadda ta tsayar da 1 ga Janairu ga kowa. Masu wannan bayani sun ce shagulgulan 25 ga Maris kan kai har 1 ga Afrilu ana musayar kyaututtuka, don haka waɗanda labarin sauyin bai iske ba, ko suka ƙi sakin tsohon lissafi, sai aka mayar da su abin dariya, ana aika musu ƙunshin da babu komai a ciki, ko a gayyace su walimar da ba za a yi ba.

Labarin yana da daɗin ji, amma idan aka jera shekaru sai ya ƙi zama. A 1561, shekara uku kafin dokar, wani mawaƙi ɗan birnin Bruges da ke Beljiyam ta yau, mai suna Eduard de Dene, ya riga ya rubuta waƙa kan wani basarake da ke yi wa baransa aiken banza iri-iri ranar 1 ga Afrilu, baran kuma yana ƙorafin cewa da alama wawa ake mayar da shi. Ke nan wasan ya girmi dokar. Wasu kuma kan haɗa zancen da kalandar da Fafaroma Gregory na 13 ya kawo a 1582, alhali ita kwana goma ta cire daga watan Oktoba na waccan shekarar don gyara lissafi, kuma ta zo ne bayan Faransa ta riga ta tsayar da farkon shekararta.

Ingila ta ƙara raunana wannan bayani. Ba ta mayar da farkon shekararta zuwa 1 ga Janairu ba sai a 1752, amma tun 1686 marubuci John Aubrey ya ambaci ranar wawaye a rubuce-rubucensa. A 1698 wata jaridar Landan ta ba da labarin yadda aka tura mutane Hasumiyar Landan, tsohuwar ganuwar sarauta inda ake ajiye namun dajin sarki, wai su je kallon wankan zakuna. Babu wani wanka da ake yi wa zaki. Wasan ya daɗe yana cin mutane, domin a tsakiyar ƙarni na 19 har katin gayyata aka buga, mai ɗauke da umarnin a shiga ta "Farar Ƙofa". Mutane suka yi ta zagaya ganuwar a kekunan doki suna neman ƙofar da babu ita, a lokacin da an daɗe da kwashe zakunan daga wurin.

Wasu masanan sun waiwayi bukukuwan da suka fi haka tsufa. Rumawa suna da bikin Hilaria a 25 ga Maris, inda ake ɓad da kama ana raha. Indiya tana da bikin Holi na watsa launuka a kusan wannan lokaci. A Iran, rana ta 13 ta sabuwar shekarar Farisa kan faɗo 1 ko 2 ga Afrilu, ana fita shan iska bayan gari, ana kuma 'yan ƙarairayin wasa. A Holan kuma akan danganta ranar da ƙwace garin Brielle daga hannun sojojin Sifaniya a 1 ga Afrilu 1572. Abin da ya haɗa yawancin bukukuwan shi ne lokaci: ƙarshen hunturu, sa'ad da mutanen ƙasashen sanyi ke fitowa daga ɗaka cikin walwala. Sai dai babu wata takarda da ta nuna ɗayansu ne ya haifi al'adar, kamanceceniya ce kawai.

Yunwar samun amsa guda ta taɓa jefa manyan 'yan jarida cikin rami. A 1983 wani ɗan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP ya matsa wa Joseph Boskin, malamin tarihi a Jami'ar Boston, ya faɗa masa asalin ranar. Malamin ya shirya masa labari nan take: wai Sarki Constantine na Rum ne ya bar wani wawan sarki mai suna Kugel ya hau karaga na kwana ɗaya, shi kuma ya kafa dokar a yi ta shirme a ranar. AP ta watsa labarin, jaridu da dama suka ɗauka, sai daga baya aka gano ƙanzon kurege ne. Har yau ana cin karo da shi a intanet a matsayin tarihi.

Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: al'adar ta bayyana a rubuce a yammacin Turai a ƙarni na 16, ta kafu a Ingila kafin ƙarshen ƙarni na 17, daga nan mulkin mallaka, makarantun boko da kafafen yaɗa labarai suka kai ta sauran duniya.

## Batun Andalus

Wannan shi ne bayanin da ya fi shiga zukatan Musulmi, don haka ya cancanci a duba shi a tsanake. Yana zuwa ta fuska biyu. Wata ruwayar ta ce bayan faɗuwar daular Musulunci an yi shelar cewa jiragen ruwa za su kwashe Musulmi zuwa Arewacin Afirka cikin aminci, da suka fito sai aka hallaka su ranar 1 ga Afrilu. Wata kuma ta ce 'yan leƙen asiri ne suka shigar musu da giya da taba har suka raunana, aka ci su da yaƙi a wannan rana.

Zaluncin da aka yi wa Musulmin Andalus gaskiya ne, tarihi ya tabbatar da shi. Musulmi sun shiga yankin a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad. Garnaɗa, wadda Turawa ke kira Granada, ita ce daularsu ta ƙarshe, kuma sarkinta Abu Abdullahi ya miƙa ta ga sarakunan Kiristocin Sifaniya, Ferdinand da Isabella, bisa yarjejeniyar da ta ba Musulmi damar ci gaba da addininsu. Ba a cika shekara goma ba aka karya alkawarin, aka tilasta musu zaɓar tsakanin barin addini da barin ƙasa. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyarsu, kimanin mutum 300,000.

Amma Garnaɗa ranar 2 ga Janairu 1492 ta faɗi, ba a watan Afrilu ba. Taba kuwa daga nahiyar Amurka ta shigo Turai, kuma Columbus, wanda ya buɗe wa Turawa hanyar zuwa can, bai tashi tafiyarsa ta farko ba sai a watan Agusta na wannan shekarar, watanni bayan an miƙa birnin. Ƙari a kan haka, a mafi yawan Sifaniya da ƙasashen da ke magana da harshenta, 28 ga Disamba ce ranar zolaya, ranar da cocin Katolika ke tunawa da jariran da Linjila ta ce Sarki Hirudus ya sa an kashe. Da a ce murnar cin Andalus ce tushen 1 ga Afrilu, da Sifaniyawa ne kan gaba wajen raya ta. Mai ƙin al'adar saboda addini yana da hujjoji masu ƙarfi da ba su buƙatar wannan labari, kamar yadda za a gani a gaba.

## Yadda ake yin ta a ƙasashe

A Faransa, Italiya da Beljiyam, yara kan yanka takarda da siffar kifi su lallaɓa su manna a bayan rigar malami ko iyaye, idan mutum ya farga sai su yi ihun "kifin Afrilu". Waɗanda suka yi makarantar Faransanci a Nijar, Kamaru ko Chadi da wannan suna suka san ranar. A Ingila akwai ƙa'ida mai ƙarfi: wasan yana ƙarewa da ƙarfe 12 na rana, duk wanda ya zolayi wani bayan nan shi ne wawan. A Sikotland da Ayaland akan ba mutum wasiƙa a rufe ya kai wa wani, a ciki an rubuta cewa a tura shi gaba. Wanda ya karɓa sai ya karanta ya murtuke fuska, ya ce ai ba shi ne zai iya taimakawa ba, ya tura ɗan aiken wurin wani, a yi ta yawo da shi har ya gane. Birnin Odesa na Yukiren ya mayar da ranar bikin barkwanci na gari tun 1973.

Duk waɗannan suna da iyaka: lokacin farawa da na gamawa sananne ne, masu wasan sun san juna, kuma ido da ido ake warware zancen.

## Shigowar jarida da kamfanoni

A 1957 shirin Panorama na talabijin ɗin BBC ya nuna wasu mata a kudancin Suwizalan suna tsinko taliya daga rassan bishiya, suna jerawa a kwanduna, suna shanyawa a rana. Richard Dimbleby, ɗaya daga cikin muryoyin da mutanen Ingila suka fi yarda da su, shi ne ya karanta rahoton, yana bayanin cewa sanyin bana bai yi tsanani ba kuma an shawo kan ƙwaron da ke cin taliya, shi ya sa aka yi yabanya mai kyau. Mutane da yawa suka buga waya suna tambayar yadda za su dasa tasu bishiyar. A lokacin taliya baƙon abinci ce a Ingila, kuma ba a saba jin ƙarya daga wannan shiri ba.

A 1962 gidan talabijin na Suwidin ya kawo wani masanin fasaha ya bayyana cewa idan aka shimfiɗa siririyar safar mata a fuskar akwatin talabijin, hoton baƙi da fari zai koma mai launi. Magidanta suka yi ta gwadawa. A 1977 jaridar Guardian ta ware shafi bakwai ga wata ƙasar tsibiri mai suna San Serriffe, wadda babu ita a taswira. Daga nan kamfanoni suka gane cewa ranar hanyar talla ce mai arha, domin idan ƙaryar ta yi armashi jaridu za su yi ta maimaita sunansu kyauta.

## Inda wasa ya zama ɓarna

Kamar wasa, ƙaramar magana kan zama babba. A 1980 wani gidan talabijin a Boston ya sanar cewa wani tudu da ke kusa da birnin ya fara aman wuta, ya haɗa da hotunan wani dutsen daban. An nuna alamar wasa ne a ƙarshen rahoton, amma kafin nan wasu sun bar gidajensu, kuma an kori wanda ya shirya labarin. A 2010 jaridar Al Ghad ta Jodan ta buga a shafin farko cewa wasu halittu daga sararin samaniya sun sauka kusa da garin Jafr. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta, shugaban garin ya tura jami'an tsaro, har ya kusa ba da umarnin kwashe mazauna kusan 13,000. Jaridar ta nemi afuwa.

A 2016 Google ya saka wani maɓallin wasa dab da maɓallin aika saƙo a Gmail, wanda ke maƙala hoton zolaya ya kuma toshe amsa. Mutane suka danna shi bisa kuskure a wasiƙun aiki, kamfanin ya cire shi ya ba da haƙuri. A 2021 reshen Volkswagen na Amurka ya tabbatar wa 'yan jarida cewa zai sauya suna zuwa Voltswagen, tun kafin ma 1 ga wata ta yi. Manyan kafafe suka buga, daga baya ya ce wasa ne, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta buɗe bincike.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ba a cika magana a kanta ba: gaskiyar da ake ƙin yarda da ita saboda ranar da ta faɗo. A 1 ga Afrilu 1946 girgizar ƙasa a yankin Alaska ta tayar da igiyar ruwa da ta afka wa tsibiran Hawaii, ta kashe fiye da mutum 150, kuma an ruwaito cewa wasu sun ɗauki ihun gargaɗin da ake musu a matsayin wasan ranar. Shi kansa Gmail da aka ƙaddamar a 1 ga Afrilu 2004, mutane da dama sun zaci zuƙi ta malle ce.

## Matsayar ɓangarori

Masu kare al'adar suna cewa rana guda ce ta raha a shekara, wadda yaro zai iya zolayar babba ba tare da an ga rashin kunyarsa ba, kuma tana tuna wa mai karatu cewa ba duk abin da aka buga ne gaskiya ba. Masu binciken gaskiyar labarai ma sun ware 2 ga Afrilu tun 2017 a matsayin ranar tantance labarai ta duniya, da gangan suka zaɓi washegarin ranar ƙarya.

Masu suka daga cikin 'yan jarida suna ganin jarin kafar labarai shi ne yardar jama'a, kuma a zamanin da labaran bogi suka yi katutu bai kamata ta ƙara nata ba. Kamfanin Microsoft ya hana ma'aikatansa irin wannan wasa a bainar jama'a a 2019, Google ya dakatar da nasa a 2020 saboda annobar korona, a shekarar da hukumomin Tailan da Taiwan suka yi gargaɗin ɗauri ga duk wanda ya yi ƙarya kan cutar da sunan wasa.

Malaman Musulunci kuwa ba raha suke hanawa ba, ƙaryar da ke cikinta ce matsalar. Suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi alkawarin azaba ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, da kuma wanda Abu Dawud ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya tsoratar da Musulmi ba, wanda aka faɗa bayan wasu sahabbai sun ɗauke igiyar abokin tafiyarsu yana barci ya farka a firgice. Suna kuma nuna cewa Annabi (SAW) yana raha amma da gaskiya: wani ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, da mutumin ya yi mamaki sai ya tuna masa cewa duk raƙumi taguwa ce ta haife shi. A ɓangaren Kirista ma akwai masu ƙyamar abin, suna karanto littafin Karin Magana 26:18-19, inda aka kwatanta mai ruɗin maƙwabcinsa ya ce "wasa nake yi" da mahaukaci mai harba kibau masu wuta.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar zolaya ba ce. Akwai wasan taubasai, na jika da kaka, na Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa. UNESCO ma ta sanya wasan barkwancin Nijar cikin al'adun gado na duniya a 2014. Bambancin shi ne a nan kowane ɓangare ya san abokin wasansa ne ke magana tun kafin a buɗe baki, don haka ba a yaudari kowa ba. Wasan Afrilu kuwa ba ya ci sai wanda ake yi wa ya ɗauka gaskiya ne.

## Abin da ya shafi talaka

Iyakokin da suka tsare al'adar a da, wayar hannu ta rushe su. Saƙon murya ko hoton rubutu da aka tura ba ya ɗauke da kwanan wata, ba ya ɗauke da fuskar mai dariya, kuma warwarar da za a yi da rana ba ta bin duk hanyar da ƙaryar ta bi da safe. Labarin da aka shirya a Afrilu yakan sake tasowa a Agusta a wani zauren, babu wanda ya san daga ina ya fito. Manhajojin ƙirƙirar hoto da murya sun ƙara sauƙaƙa haɗa ƙaryar da ke kama da gaskiya.

Nauyin abin ma ba ɗaya ba ne ga kowa. A garin da ke fama da 'yan bindiga, saƙon "sun shigo" ya isa ya watsa kasuwa, a tattake yara, 'yan tireda su yi asarar kaya. Uwa mai hawan jini da aka ce mata ɗanta ya yi haɗari a hanya ba lallai ta jira a ce mata wasa ne ba. Idan kuma mutane suka saba da irin wannan, ranar da gobara ko haɗari na gaske ya faɗo 1 ga wata, wanda aka kira zai iya ɓata mintuna yana tantama. 'Yan damfara su ma suna fakewa da sanarwar kyauta da garaɓasa, su turo adireshin da za a danna a cika lambar BVN ko lambar sirri ta katin banki. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya ko ta saƙo, ko a wace rana ce.

Sai batun doka. A Najeriya, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyun. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna ƙorafin ana amfani da sashen wajen kama 'yan jarida da masu sukar hukuma, kotun ECOWAS ma ta yanke cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Gyaran da aka yi a 2024 ya taƙaita shi, amma ya bar laifin aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da tarzoma ko jefa rayuka cikin haɗari. Sashen bai ware 1 ga Afrilu ba. Abin da kotu za ta duba shi ne ko mai saƙon ya san ƙarya yake yaɗawa, da kuma abin da ya nufa da aika shi.